Sari Iri Biyu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu ɗalibaina nakan nema in rasa, amma ranar da na ɗaura sari a gaban mahaifina ba za ta fita ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Ko yanzu in aka warware sabon turmin atamfa kusa da ni, ƙamshin nan nasa ya bugi hancina, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin ba a daɗe da yanka Jihar Sakkwato ba. Kuɗin mai na ta shigowa, gwamnati na buɗe makarantu ta ko'ina har malamai suka yi kaɗan, aka shiga ɗebo su daga ƙasashen waje. A makarantarmu ta horon malamai mata, wadda ba ta da nisa da Tambuwal, muna da malamar ɗinki Ba'indiya, da malamar lissafi 'yar Pakistan, da wata 'yar firit daga Filifin mai koyar da kimiyya. Mun fi shaƙuwa da malamar ɗinki. Sai da muka yi kusan shekara da ita kafin mu gane cewa in ta kaɗa kai gefe da gefe, wai amincewa take yi. Kafin nan mun sha komawa ɗaki da ɓacin rai a kan abin da ta riga ta yarda da shi.

Ni kuwa shigata makarantar ma sai da aka kai ruwa rana. Mahaifina malami ne mai zaure, mutane na ɗaukar karatu a wurinsa tun daga asuba, kuma an fi saninsa da lugga, wato sanin kalmomi da ma'anoninsu. Abokansa malamai sun yi ta ba shi baki kada ya kai 'yarsa boko. Ya saurare su duka, sannan ya kai ni. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ranar da zan tafi ya kira ni zaure, ya ce: "Uwata, na bar ki ki tai boko. Amma ranad da anka kama sunana cikin gari sabadda ke, rannan kin ƙare." Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta. Shekara huɗu na yi ina takatsantsan da wannan sharaɗi, har na shiga ajin ƙarshe, saura 'yan watanni mu rubuta jarrabawar da za ta mai da ni malama.

Ana nan, bayan an gama kai amfanin gona gida, gobara ta tashi a wani ƙauye kusa da Kebbe. Ƙauyen su ƙawata ne, wadda gadonta ke manne da nawa. Ba a rasa rai ba, amma wuta ta cinye rumbuna da ɗakuna, mata suka tsira da zanen da ke jikinsu kaɗai. Ƙawata ta je ta dawo ta kasa cin abinci. Ta ce mini ta tarar da mahaifiyarta da ƙanwar mahaifiyar suna karɓa-karɓa da mayafi ɗaya, in ɗaya za ta fita sai ɗaya ta zauna a ɗaki.

Mu 'yan ajin ƙarshe muka zauna muka ce sai mun yi wani abu. Ba mu da ko sisi, amma muna da baki da ƙafa da kekunan ɗinki guda shida. Ni ce na kawo shawarar, kuma har gobe ba na musun haka: mu shirya bikin nuna tufafi da wasanni irin na ƙasashen malamanmu, amma da kayanmu na gida. A ɗinka doguwar riga da wando irin na Pakistan da saƙi, a yi rawar gora ta Filifin, wadda ake tsalle a tsakanin gora biyu ana haɗa su, da kiɗan ƙwarya, a soya sambusa a barbaɗa mata yajin ƙuli. Wanda zai shiga kallo ya kawo mudun hatsi ko zane, ko da kwance ne, a tara a kai ƙauyen. Babban abin kallo kuwa shi ne sari, dogon zanen nan da matan Indiya ke naɗawa. Malamar ɗinki ta auna ta ga turmin atamfa, yadi shida, daidai yake da tsawon sari, ba sai an sa masa almakashi ba. Ta yi ta murna tana kaɗa kai. Aka naɗa ni shugabar kwamiti, kuma saboda tsawona aka ce ni zan fara fitowa.

Shugabar makaranta ta yarda, amma ta kafa sharaɗi: duk yarinyar da za ta hau dandamali sai ta kawo izinin mahaifinta a rubuce. Nan matsalata ta fara. A garinmu ba a san sari ba sai a hotunan fim da ake mannawa a shagunan tela, mace da ciki a waje tana karairaya. Namu ba haka yake ba, riga mai dogon hannu za mu sa a ciki, mu ja bakin zanen mu rufe kai. Amma wa zai tsaya ya yi wa Baba wannan dogon bayani? Da ya ji Indiya, ya ji rawa, ya ji dandamali, magana ta ƙare.

Na je gida ranar wata Juma'a. Na same shi a zaure bayan masu karatu sun watse, yana feƙe alƙalami. Na durƙusa na gaishe shi. Tun a mota nake shirya jawabi, amma da na buɗe baki ga abin da ya fito:

"Baba, sari za mu yi makaranta, don mutanen da gobara tac ci."

Ya ɗago kai. "Sari? Na tufafi?"

A nan ne wurin. Na ga sarai inda hankalinsa ya tafi. Shi sarin kasuwa ya ji, a sayi kaya da yawa a dila don a samu rangwame. Ina da damar in ce a'a, Baba, ba wannan ba. Numfashi ɗaya ne tsakanina da gaskiya. Sai na sunkuyar da kai na ce, "I, Baba, na tufafi."

Ban taɓa ganin ya ji daɗin wani abu na boko kamar ranar ba. Ya ce wannan hankali ne, sari ya fi arha, a samu da yawa a raba wa mutane. Ya jawo takarda ya rubuta da ajami cewa ya yarda 'yarsa ta shiga sari, ya sa hannu, ya sa mini albarka. Na fito ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Sari na ce, kuma na tufafi ne. Yarinta ke nan, kana yi wa kanka lauya kana kuma yanke wa kanka hukunci.

Inna ce ta so ta gano ni. Da na roƙe ta aron turmin atamfarta mai ruwan ganye, wanda Baba ya sayo mata da sallah ba ta kai ga ɗinkawa ba, ta buɗe adaka ta miƙo mini, ta bi ni da kallo. "Ni dai tun da nike," in ji ta, "ban taɓa ganin mai sari ta ɗauki zane daga gida ba." Na yi 'yar dariya na ce samfur ne za a gwada. Ta rufe adakarta.

Mako guda na yi cikin jin daɗi. Muna fita aji sai ɗakin ɗinki. Malama na koya mana yadda ake tattara ninki bakwai a gaba a soke a ƙugu, da yadda ake tafiya ba a taka bakin zane ba. Atamfa ta fi sarin gaske tauri, ninkin ya ƙi kwanciya sai da muka wanke ta muka buge. Masu rawar gora kuwa kullum sai an matse wa wata idon sawu, ihu da dariya har ofishin shugaba. Na ɗauka na tsallake.

Sai ranar Litinin mai dafa mana abinci, wata dattijuwa 'yar unguwarmu, ta tare ni a bakin kicin fuska cike da fara'a. Ta ce ai gari ya ɗauka. Malam, wato Baba, ya tashi a masallacin unguwa ya yaba wa 'yan makarantar mata, ya ce ga yara ƙanana za su yi sarin tufafi don 'yan'uwansu da wuta ta ci, manya na zaune. Bai tsaya nan ba. Ya taka da kansa ya je wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya roƙe shi ya kawo dilolinsa makaranta ranar bikin, ya sayar wa yaran a farashin sari ba tare da cin riba ba. Ranar ta zo daidai da kasuwar da Alhaji ke ci duk mako, amma saboda girman Malam ya ce ya fasa kasuwar. Kuma tare za su zo.

Kwanon da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na ce mata madalla, na juya na tafi bayan ɗakin kwana na zauna a kan wani bulo. Abin da na tsorata da shi da farko, wato Baba ya gan ni a dandamali, ya zama ƙarami. Yanzu na sa mutumin da duk garin ke auna magana da bakinsa ya tashi a masallaci ya faɗi abin da babu shi. Na sa ya ja ɗan kasuwa ya bar kasuwarsa. Ranar Asabar za su iso da kaya, su tarar da 'yan mata na tsalle a tsakanin gora, babu mai sayen ko ƙyalle. In wannan bai zama kama suna a gari ba, to ban san mene ne ba.

Kwana biyar ɗin nan ban san yadda na yi su ba. A aji malamar lissafi ta kira ni sau uku ban ji ba. Na zauna zan rubuta masa wasiƙa, shi ba ya karanta boko, ni kuma ajamina na kaza ne; na rubuta layi huɗu na ga ko ni ban gane ba, na yayyaga. Na nemi izinin fita, shugaba ta ce shugabar kwamiti ba ta barin makaranta saura kwana uku biki. Da na ce mata matsala ce ta gida, ta tambaye ni wace iri, na kasa faɗa, don in na faɗa takardar izinina ta zama ta banza.

Daga ƙarshe na yanke shawarar in janye. Na ce in ban hau dandamali ba, ko ba komai laifin ya ragu. Na gaya wa ƙawata komai muna wanki a bakin famfo. Ta daina cuɗa kayan, ta tsaya tana kallon kumfa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "In kin fita, kowa fita za ta yi. Rabin ɗiyan ga an bar su don an ji ɗiyam Malam na ciki." Sannan ta ce ita ba za ta roƙe ni ba, in yi abin da ya fi mini. Ta ci gaba da wankinta. Na tuna mayafin nan ɗaya da mata biyu ke jira, na ji kunya ta rufe ni. Ashe ba Baba kaɗai na ja cikin ramin ba.

Asabar ta zo. An jera tebura a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro an shimfiɗa musu tabarmi, shi ne dandamali. Maza a dama kan benci, mata a hagu. Tun bayan azahar mutane ke shigowa, daga Tambuwal, daga Dogon Daji, har da waɗanda suka sha hanyar Kebbe a kan babur. Buhunan da muka ajiye a bakin ƙofa suka fara cika da gero da dawa, zannuwa na taruwa a kan wata tabarma. Kowa na murna ban da ni. Malamar ɗinki ta naɗa mini turmin Inna da hannunta, ta soke fil ta ko'ina, ta ja bakin zanen ta rufe mini kai. Ta taɓa hannuna ta ji ya yi sanyi ƙalau, ta ce kada in ji tsoro, kowa haka yake ji ranar farko. Baiwar Allah, ta ɗauka tsoron taro nake yi.

Ta tagar ɗakin ɗinki na hango a-kori-kura ta shigo, bayanta cike da diloli an ɗaure da igiya. Alhaji ya fito, sannan Baba, da farin rawaninsa da laimarsa. Na ga yana duban dandamali, yana duban gorar da aka jera, yana duban ƙwaryar kiɗa a cikin ruwa. Na ga Alhaji ya matso yana tambayarsa wani abu.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tattare ninkin da hannu na fita ta ƙofar baya, na zagaya na same shi a gefen motar. Alhaji ya ja baya ya ba mu wuri. Na so in durƙusa, sari ya hana ni sai da ƙyar. Baba ya dube ni daga sama har ƙasa, kuma na san ya gane atamfar, shi ya zaɓe ta.

"Baba," na ce, "wanga da ka gani jikina shi as sari. Sunan tufafin Indiya na. Babu abin da za mu saye."

Ina jin 'yan mata na gwada ƙwarya a can. Da ya buɗe baki, bai tambayi rawa ba, bai tambayi dandamali ba.

"Sadda nic ce maki na tufafi, kin san ba abu guda muka nufi ba?"

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Tashi ki tai. Mutane na jiran ki."

Bai ce Uwata ba. Na tashi na koma, na tabbata a raina cewa yau ce ranata ta ƙarshe a makaranta.

An ce mini bikin ya yi kyau. Ni dai ban gani ba. Na san na hau teburan nan, na taka daga wannan baki zuwa wancan ina ƙirga taku kamar yadda aka koya mana, na juya, bakin zanen bai zame ba. Na ji mata sun yi guɗa, na ji wata tsohuwa na cewa ashe atamfa ce, wallahi atamfa ce. Sauran suka biyo ni, mai shuɗi, mai ja, masu riga da wando na saƙi. Aka yi rawar gora, ƙwarya na tashi, gora na haɗuwa, ba a matse ƙafar kowa ba. Duk wannan lokacin ido ɗaya nake nema. Baba na zaune a bencin gaba, laima a tsakanin gwiwoyinsa, fuskarsa ba ta ce komai ba. A bayansa kuwa akwai biyu daga cikin malaman da suka hana shi kai ni boko, suna ta raɗa da juna.

Da aka gama, shugaba ta roƙi Malam ya rufe taro da addu'a. Ya miƙe. Na laɓe a bayan wata bishiya na riƙe hannun ƙawata, na ce to, ga ta nan. A gaban kowa zai faɗa.

"Jama'a," in ji shi, "kafin addu'a ina da gyara. Ni nif faɗa maku masallaci cewa ɗiyan ga sarin tufafi za su yi. Ni nit taso Alhaji daga kasuwatai. Ashe sari biyu na, guda na kasuwa, guda na Indiya, ga shi kun gani. Shekara da shekaru ina karantar da ku kada mutum shi ji magana shi kai ta gaba bai bincika ba. To ga shi ni na yi. Ku yafe mani."

Sai wani ya tuntsire da dariya daga baya, dariya ta kama ko'ina. Malamin lugga guda, wanda ake zuwa daga nesa a tambaye shi fassarar kalma, yau kalma mai harafi huɗu ta kayar da shi. Malaman nan biyu har da share hawaye. Baba ya tsaya ya bar su suka yi ta ƙare, bai ambace ni ba ko da ishara. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma rabin da ya rage, wanda yake nawa, ya haɗiye shi. Ni da ke bayan bishiya na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Sannan ya ce tun da ya yi wa mutane alkawarin sari a masallaci, ba zai bar wurin ba sai an yi shi. Ya taka zuwa motar Alhaji, ya sa aka kwance dila, ya sayi turmi biyu, ya ɗauko su da hannunsa ya ɗora kan tabarmar zannuwa. Wa zai zauna bayan Malam ya tashi? Maza suka yi layi. Malamanmu uku 'yan ƙasar waje suka shiga, matan gari suka kwance bakin zane. Har masu dariyar nan biyu sai da kunya ta tashe su. Kafin la'asar ta yi sanyi Alhaji na kakkaɓe igiyoyinsa, motar da ta zo da kaya ita ce washegari ta kai su ƙauyen, tare da buhunan hatsi. Ƙawata ta ce mahaifiyarta turmi sukutum ta samu, ta rungume shi tana kuka.

Amma ni nawa bai ƙare ba. Da mutane suka fara watsewa na cire sarin na ninke, na sa kayan makaranta, na same shi zai shiga mota. Na ce, "Baba, in haɗa kayana?" Don na san kafin magariba labarin zai zagaye gari, kuma haka aka yi, har ya bar duniya akwai abokan wasansa da ke kiransa Malam mai sari.

Ya ce, "Ki haɗa ki kai su ina?"

Na ce ai an kama sunansa.

"Ni nib ba su shi da bakina," in ji shi. "Zamna ki yi jarrabawarki."

Sai da na girma na haifi nawa na gane abin da ya yi. Baba ba ya janye magana. Da ya bari aka san ni ce na juya shi, dole sharaɗinsa ya hau kaina, ko yana so ko ba ya so. Sai ya tashi a gaban jama'a ya ɗora wa kansa, don kada alkawarinsa ya cinye karatuna. Da mutuncinsa ya saya mini takardar malanta.

Ban tafi haka nan ba, ya kuwa karɓi abinsa. Kafin motar ta tashi ya leƙo ya ce daga yau in na gaya masa magana sai ya tambaya. Na ɗauka faɗa ne na rana ɗaya. Ina! Na ci jarrabawa, na zo da murna na ce Baba an ba ni aiki, ya ce, "Wane iri?" Na ce zan je Sakkwato kos, ya ce, "Wane iri?" Ko cewa na yi na kawo masa magani, sai ya tambaya. Ba da fushi yake yi ba, ya koma kirana Uwata, muna hira muna dariya. Amma ƙannena in sun faɗi magana cewa yake yi to, ni kuwa sai na yi bayani. 'Yan gida sun mai da abin wasa. Ni kaɗai na san duk lokacin da ya faɗa sai na ji kamar an soka mini fil ɗin nan na malamar ɗinki.

Haka muka yi shekaru, har ya tsufa, ciwo ya kama shi. Ni na kai shi asibiti, ni likita ya kira gefe ya yi wa bayani da Turanci, don ni ce 'yar boko. Abin da ya gaya mini ba mai daɗi ba ne. Na dawo na tarar da Baba zaune a bakin gado, rana ta shigo ta taga ta haske masa ƙafafu. Ya ce, "Uwata, mi yac ce?"

Kowa ya san abin da ake cewa a irin wannan wuri. Da sauƙi. Kalma ce mai faɗi, ba wanda zai kama ka da ƙarya a cikinta, mai warkewa da mai tafiya duk ana faɗa musu. Tana kan harshena. Sai na ga kaina durƙushe a zaure, yana feƙe alƙalami. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na gaya masa abin da likita ya ce, yadda ya ce shi, ban rage ba, ban lulluɓe ba. Da na gama na zuba masa ido ina jiran tambayar da na saba.

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, "To, Uwata. Alhamdu lillahi."

Bai ce wane iri ba. Na fita baranda na yi kukan da ban san ko na baƙin ciki ne ko na farin ciki ba.

Na yi shekaru ina koyarwa, kuma duk ajin da na riƙe sai na gaya musu abin da ranar nan ta koya mini: ana iya shirya ƙarya tsaf da kalmomin da kowace ɗaya gaskiya ce. In ka ga mutum ya ɗauki maganarka ta wata fuska, ka yi shiru don ta yi maka daɗi, to ka yi masa ƙarya, ko da bakinka bai furta ba. Ni numfashi ɗaya na ɓoye a zaure, sai da na yi rabin rayuwata kafin mahaifina ya sake ce mini to.